Daga Nasarawan Doya Zuwa Digiri na Biyu a Nazarin Talauci: Yadda Ake Shirya Tafiyar

A shekarar 2006 aka ƙaddamar da wani shiri a Pampaida, cikin ƙaramar hukumar Ikara, wanda labarinsa ya zaga duniya. Masanin tattalin arziki Jeffrey Sachs na Jami'ar Kolumbiya ta Amurka, tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, sun zaɓi wasu ƙauyuka a ƙasashen Afirka goma don su nuna cewa idan aka taru a kan ƙauye da taki da ingantaccen iri da gidan sauro da asibiti da makaranta da rijiyar burtsatse, duk a lokaci guda, za a iya tsamo mutanensa daga talauci cikin 'yan shekaru. Pampaida na cikin waɗanda aka zaɓa. An yi aiki, har aka rufe shirin a 2015. Amma da aka zo kan babbar tambaya, wato nawa ne daga cikin canjin da aka gani shirin ne ya kawo shi, nawa ne kuma da ma zai zo ko babu shirin, sai kan masana ya rabu. Tun a 2010 Michael Clemens da Gabriel Demombynes suka yi ƙorafin cewa ba a tanadi ƙauyukan da za a riƙa gwadawa da su yadda ya kamata tun daga ranar farko ba. Rahoton ƙarshe da ya fito a 2018, wanda ya haɗa ƙasashen goma, ya ce an ga ci gaba a ma'aunai 30 cikin 40, musamman a noma da lafiya, kuma an cim ma kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da aka sa a gaba. Sai dai bai iya tabbatar da cewa abin da gidaje ke ci da kashewa ya ƙaru saboda shirin ba.

Wannan gardama ita ce zuciyar abin da ake koyarwa a digiri na biyu kan talauci da rashin daidaito da raya ƙasashe. Na rubuta wannan jagora ne domin ƙanena ko ƙanwata da suka gama digirin farko, daga Nasarawan Doya ko Gubuchi ko Gazara ko Hunkuyi, kuma zuciyarsu ta karkata ga wannan fanni. Abin da ke damuna shi ne, yawancin abin da duniya ta sani game da talaucin ƙauyukanmu baƙi ne suka rubuta shi, wasu ta bakin tafinta. Sun yi ƙoƙari, kuma zan ambaci wasunsu da girmamawa. Amma kai da ka tashi kana jin yadda ake cinikin gonar rake tun tana tsaye, kana da kunnen da su sai sun shekara suke samu. Abin da ya rage maka shi ne awo da lissafi, kuma su ake zuwa jami'a a koya.

Abin da za ka tarar a aji

Darasin farko shi ne yadda ake auna talauci, kuma ya fi yadda ake tsammani zurfi. Bankin Duniya yana da layin da yake cewa duk wanda ke ƙasa da shi yana cikin matsanancin talauci. Ya fara da dala 1 a rana a 1990, ya kai dala 1.90 a 2015, dala 2.15 a 2022, sannan dala 3 a watan Yunin 2025. Kada ka ɗauki wannan dala ka buga da farashin 'yan canji. Ana lissafa ta ne da gwargwadon abin da kuɗi ke iya saya a kowace ƙasa, kuma ɗalibai da 'yan jarida da yawa a nan suke zamewa.

Najeriya tana da nata layin. A binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2018 zuwa 2019, an sa shi a kan naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, wato kusan naira 376 a rana. Da wannan awo, kashi 40.1 cikin ɗari na jama'a, mutum miliyan 82.9, suna ƙasa da layin, ba a haɗa da Jihar Borno ba. Sai ga hukumar nan dai a 2022 ta ce kashi 63 cikin ɗari, mutum miliyan 133, matalauta ne. Mai karatu zai ce ɗayan biyu ƙarya ne. Ba haka ba ne, tambayoyin ne suka bambanta. Na farkon ya duba abin da gida ke ci da kashewa. Na biyun ya bi hanyar da Sabina Alkire da James Foster suka tsara, wadda ke ƙirga rashi iri-iri a gida ɗaya: yara ba sa makaranta, asibiti ya yi nisa, ruwan sha ba tsafta, da itace ake girki, ba aikin yi, ba tsaro. Mutum zai iya cika rumbu da masara amma 'ya'yansa huɗu ba wanda ke aji. A awon farko ya tsira, a na biyu zai iya faɗawa idan wasu rashin suka taru a kan wannan. Ɗalibin da ba zai iya bayyana wannan bambanci a gaban malamai ba, bai fara ba tukuna.

Ka kuma lura da dalilin da ya sa ba a cika tambayar mutum nawa yake samu ba. Ɗauki magidanci a Nasarawan Doya. Kuɗin rakensa a dunƙule suke zuwa, hatsin da ake ci daga rumbu yake fitowa ba a saya ba, uwargida tana ƙuli-ƙuli ko ƙosai daga cikin gida yara na talla, ɗansa na acaɓa a Kaduna yana aiko da abin da ya samu. Ka ce masa ya faɗi samunsa na wata, to ko yana son gaya maka gaskiya bai san ta ba. Shi ya sa ake tambayar abin da aka ci cikin kwana bakwai da suka wuce, a yi wa wanda aka noma kuɗi da farashin kasuwa, sannan a bi sauran kashe-kashe kamar magani da sutura da kuɗin makaranta. Amsar ma tana canzawa da lokaci. Gidan da ka tarar cikin wadata da kaka, shi ne za ka tarar yana auno a tsakiyar damina.

Akwai awon rashin daidaito, wanda aka fi sani da ma'aunin Gini, daga 0 zuwa 100. Najeriya ta tsaya kusan 35 a wancan bincike na 2018 zuwa 2019, Afirka ta Kudu kuwa ta haura 60. Ni dai ina ɗaukar adadinmu da taka-tsantsan, domin manyan attajirai ba sa buɗe wa mai takardar tambayoyi ƙofa.

Bayan awo sai neman dalili. A nan za ka haɗu da Amartya Sen, wanda ya nuna cewa yunwar da ta hallaka mutane a Bengal a 1943 ta faru ne alhali abinci bai ƙare a ƙasar ba, farashi ne ya fi ƙarfin leburori da masunta. Za ka karanta tarihin bashin ƙasashe, da tsarin tsuke bakin aljihu da Najeriya ta shiga a 1986, da gardamar ko taimakon ƙasashen waje yana gina ƙasa ko yana sangartar da gwamnatoci. Sai kuma ɓangaren tantance shirye-shirye, wanda Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer suka sami kyautar Nobel a kansa a 2019.

Tambaya kafin makaranta

Yawancin masu nema da makaranta suke farawa. Shawarata ita ce ka fara da tambaya, domin ita za ta nuna maka sashen da ya dace da kai, ita za ka rubuta a takardar neman tallafi, ita ce kuma za ta zama kundin bincikenka.

"Talauci a Arewacin Najeriya" ba tambaya ba ce, fage ne. Tambaya tana da wuri da lokaci da abin da za a ƙirga. Yankinmu cike yake da su. Daga kuɗin da mai shan rake ya biya a Kano ko Abuja, nawa ne ke komawa hannun manomin Makarfi, nawa ne ke tsayawa wurin dillali da mai mota? Wanda ya dafa mazarƙwaila ya fi wanda ya sayar da rake ɗanye riba, idan an cire kuɗin itace da ƙwadago? A 2016, lokacin da tsutsa ta cinye tumatir har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin, waɗanne manoma ne a Kudan da Ikara suka farfaɗo a shekara mai zuwa, waɗanne ne suka jinginar da gona? Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, masu noman rani da injin ban-ruwa sun rage faɗin gona, ko sun canza abin shuka, ko sun ci bashi? Su wa suka shiga rajistar masu karɓar tallafin naira 5,000 a wata da gwamnatin tarayya ta riƙa bayarwa a baya, kuma su ne mafi buƙata a unguwarsu? Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ta isa digiri.

Kafin ka ce ka gano sabon abu, karanta waɗanda suka riga ka, domin ƙasar Zazzau da maƙwabtanta suna cikin wuraren da aka fi yi wa irin wannan bincike a Afirka. A 1966 zuwa 1967 David Norman da abokan aikinsa na Samaru sun bi manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi tsawon shekara guda suna rubuta aikin gona da abin da aka girbe. A lokacin, masu ba da shawara suna ganin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya rashin wayewa ne. Ƙididdigar Norman ta nuna manomin ne ke da gaskiya: haɗin yana rage hasara idan damina ta yi gardama, kuma yana biyan wahalar watannin Yuni da Yuli, lokacin da hannun aiki ke ƙaranci. Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta nuna cewa mutanen ƙauye ba ɗaya suke ba, akwai wanda talauci ya hana shi noma gonarsa domin lokacin noma yana ƙwadago a gonar wani don abincin ranar. Michael Watts ya yi aiki a Kaita, ya danganta yunwar shekarun 1970 da yadda haraji da noman gyaɗa na zamanin Turawa suka raunana hanyoyin da jama'a ke tallafar juna. Christopher Udry kuwa, a 1988 zuwa 1989, ya bi bashin da ake ci a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya. Ya tarar yawanci tsakanin waɗanda suka san juna ake yi, ba rubutu, kuma abin da ake biya yana raguwa idan masifa ta sami mai cin bashin, yana ƙaruwa idan ta sami mai bayarwa. Wannan aiki har yau ana koyar da shi a manyan jami'o'in duniya. Ka haɗa da rubuce-rubucen marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, wanda zai hana ka mantawa da tambayar waye ke riƙe da mulki da ƙasa da kasuwa.

Tambaya mai kyau takan fito daga nan: abin da Udry ya gani shekaru sama da talatin da suka wuce, yana nan yanzu da waya da tura kuɗi ta banki suka shigo?

Lissafi

Zan faɗi wannan ba kwana-kwana. Idan kana gudun lissafi, ka daina tun yanzu, domin shi ne ke raba wanda ake ɗauka aiki da wanda ke yawo da takarda. Ba sai ka karanta tattalin arziki ba. Masu digirin noma, da nazarin zamantakewa, da labarin ƙasa, da kimiyyar siyasa, da lafiyar al'umma duk suna shiga. Amma kafin ka fara, ka ba ƙididdiga wata shida. Ka iya Excel sosai, sannan ka koyi manhajar ƙididdiga ta Stata ko R. R kyauta ce. Jami'ar MIT tare da cibiyar J-PAL suna da darussa a intanet kan ƙididdiga da tattalin arzikin ƙasashe masu tasowa, ana iya bin su ba tare da biya ba, sai in kana son takardar shaida. Ka sauko da bayanan binciken gidaje na Najeriya daga shafin Bankin Duniya, waɗanda ake tattarawa tun 2010, ka gwada fitar da kason manoman Arewa maso Yamma da ke amfani da takin zamani. Ranar da ka iya wannan da hannunka, rabin tsoron ya tafi.

Gida ko waje

Zariya tana kusa, kuma ba ƙaramar dama ba ce. A Jami'ar Ahmadu Bello akwai sashen tattalin arziki da na tattalin arzikin noma a Samaru, kusa da Cibiyar Binciken Aikin Gona, akwai kuma sashen nazarin ƙananan hukumomi da raya ƙasa a Kongo. Jami'ar Bayero ta Kano tana da digiri na biyu a nazarin ci gaba, da cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa, da Gidan Mambayya. Akwai Jami'ar Jihar Kaduna. Sai dai ka bambance iri biyu. Akwai digirin ma'aikata, wanda galibi darussa ne da ɗan taƙaitaccen aiki, ya dace da mai neman ƙarin girma a ofis. Akwai na bincike, mai cikakken kundi, wanda shi ne ke buɗe ƙofar digirin digirgir kai tsaye. Mutane da dama sai sun gama na farkon suke gane ba shi suke buƙata ba.

Abin da ake nema a gida sananne ne: darussa biyar na sakandare har da Turanci da lissafi, digiri mai daraja ta biyu ko da ta ƙasa ce, takardar bautar ƙasa ko ta yafewa, da cikakkiyar takardar sakamako daga jami'arka. Mai daraja ta uku ko babbar difloma yakan fara da diflomar gaba da digiri. Takardar sakamakon nan ka fara nemanta tun kafin a buɗe tallar guraben karatu, domin takan ɗauki watanni. Kuma kafin ka biya kuɗin fom, ka je sashen da ƙafarka, ka tambayi ɗaliban da ke ciki shekara nawa ake ɗauka a gama, da kuma wane malami ne ke karanta aikin ɗalibi ya mayar a kan lokaci. Malamin da zai duba aikinka ya fi sunan jami'ar tasiri a kan rayuwarka ta shekara biyu ko uku.

A waje, sunayen da za ka riƙa ji su ne cibiyar nazarin ci gaba ta Sussex da aka kafa a 1966, da LSE da SOAS a Landan, da Manchester, da Oxford, da cibiyar ISS da ke birnin Hague a Holan. Digirin Ingila yawanci shekara ɗaya ne, na Jamus yawanci biyu. Amfaninsu shi ne ɗakin karatu, da horo mai tsanani a hanyoyin bincike, da zama aji ɗaya da 'yan Indiya da Habasha da Barazil waɗanda za su nuna maka cewa matsalarka ba taka kaɗai ba ce. Amma kada ka tafi da kuɗin zango ɗaya da fatan za ka yi aiki ka cike sauran, balle a sayar da gonar gado. Bayan faɗuwar naira daga 2023, an sami ɗaliban Najeriya a Ingila da aka dakatar da karatunsu saboda sun kasa biya. Waje sai da cikakken tallafi.

Tallafin kuwa akwai shi, sai dai zomo ba ya kamuwa daga zaune. Chevening na gwamnatin Birtaniya yana son wanda ya yi aiki na awa 2,800, kusan shekara biyu ke nan, ana buɗe shi a watan Agusta, kuma sai ka yi alkawarin komawa gida na shekara biyu. Tallafin ƙungiyar Kwamanwel iri-iri ne: wani ta Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Tarayya ake bi, wani ta jami'ar da kake nema. DAAD ta Jamus tana da shiri na musamman kan darussan raya ƙasa, tana son shekara biyu ta aiki, kuma yawanci kada digirinka ya wuce shekara shida. Na haɗin gwiwar Japan da Bankin Duniya shekara uku yake nema. Erasmus Mundus na Tarayyar Turai yana kai ɗalibi ƙasashe biyu ko fiye. Akwai na Gidauniyar Mastercard da na Bankin Raya Ƙasashen Musulmi. Ƙa'idoji suna canzawa, don haka shafin hukumar kanta za ka karanta a kowace shekara. Babu ɗaya daga cikinsu da ke karɓar kuɗi kafin ya duba takardarka. Duk wanda ya ce ka biya shi ya samo maka, ɗan damfara ne.

Ka ga kusan duka suna son gogewar aiki. Ma'anarsa, shekara biyun da ke bayan bautar ƙasa ba lokacin jira ba ne. Yi aikin tattara bayanai wa masu bincike, shiga ƙungiyar manoma ka riƙe musu littafin lissafi, koyar a makarantar garinku ka riƙa rubuta yara nawa ke zuwa a kowane wata. Waɗannan su za ka zuba a takardar bayanin kai. Masu tantancewa sun gaji da karanta cewa mutum tun yana yaro yake ƙaunar taimakon talakawa. Abin da ke tsayar da idonsu shi ne wanda ya ce ga ƙungiyar da na yi wa aiki, ga matsalar da na gani, ga abin da na gwada, ga ilimin da ya gaza mini wanda darasi kaza a jami'arku zai ba ni. Rubuta da kanka, ka ba wanda ya fi ka Turanci ya gyara. Masu ba da shaida a kanka kuma ka sanar da su da wata guda, ka aika musu da abin da ka rubuta.

Ƙanwata, ke kuma kada aure ko reno su sa ki cire rai. Ana yin wannan karatu a Zariya da Kano daga gida. Kina kuma da abin da namiji ba shi da shi: ke ce ke iya shiga cikin gida ki zauna da matan aure ki ji lissafin adashi da sana'ar hannu da bikin da ake ramawa, dukiyar da takardun bincike da yawa ke tsallakewa.

Fita fili

Binciken ƙasa baki ɗaya yana tsayawa ne a matakin jiha ko shiyya, kuma ƙidayar jama'a ta ƙarshe tun 2006 ce. Idan tambayarka a kan gunduma ɗaya take, dole ka tattaro bayananka.

Fara da takardar gabatarwa daga sashenku da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike. Kai ta sakatariyar ƙaramar hukuma, sannan hakimi, sannan dagaci da masu unguwa. Bayan gaisuwa, faɗi gaskiya tun a zaure: "Ranka ya daɗe, ni ɗalibi ne, karatu ya kawo ni, ba rabon taki ko kuɗi a bayan wannan rubutu." Ka maimaita haka a kowane gida. Idan mutane suka zaci sunan masu karɓar tallafi kake ɗauka, kowa zai zama ba shi da akuya ko ɗaya.

Kada ka bar mai unguwa ya zaɓa maka gidaje, ko da niyyarsa mai kyau ce, domin waɗanda suka iya magana zai kai ka wurinsu. Bi unguwa ka rubuta dukkan gidaje. A ce ka sami 600 kana buƙatar 120, sai ka yi ƙuri'a tsakanin 1 da 5, ka fara daga lambar da ta fito, ka riƙa ɗaukar kowane na biyar. Ka kuma yanke tun farko abin da kake ƙirgawa a matsayin gida ɗaya. A babban gida mai sassa, inda wasu ke gandu tare wasu sun ware, abin da aka saba bi shi ne masu ci daga tukunya ɗaya.

Rubuta tambayoyinka da Hausa tun a takarda, kada kowane mataimaki ya riƙa fassara tasa a baki. Sa su a KoboToolbox, wadda ke aiki a waya ko babu sabis. Gwada su a wani ƙauye dabam kafin ranar farawa. Tafi da sikeli ka auna tiya da mudu da buhu da kwandon wannan kasuwa, domin ba ɗaya suke da na wata ba. Gona kuma ka zaga ta da waya ka auna, kada ka dogara da ƙiyasin eka. Guji lokacin noman farko da ranar kasuwa, ka kuma tuna cewa cin abinci a watan azumi da makon salla ba irin na sauran shekara ba ne. Ka tambayi mutanen gari halin hanya kafin ka shiga ƙauyen da ba ka sani ba.

Zama ɗan gari yana da nasa haɗari. Baban abokinka ba zai gaya maka bashin da ke kansa ba, alhali zai iya gaya wa baƙo. Don haka tambayoyin bashi da jingina ka ba mataimaki daga wata gunduma, ko kai ka yi aikinka a Gimi ko Mayere, wani ya yi a garinku. Abin da aka faɗa maka amana ne: cire sunaye, sa lambobi, kuma duk wanda ya ce ba ya so, yi masa godiya ka wuce.

Idan kuwa wani shiri kake tantancewa, to darasin Pampaida ya zo. A ce an raba iri a wani ƙauye, masara ta tashi daga buhu 10 zuwa 16 a gona. Kada ka yi saurin cewa iri ya ƙara buhu 6. Duba ƙauyen da ke kama da shi wanda ba a raba ba. Idan can ma an tashi daga 10 zuwa 14 saboda damina ta yi kyau, to rabon irin buhu 2 ne. Wannan yana buƙatar ka auna ƙauyukan biyu kafin a fara da kuma bayan an gama, kuma abin da ba a auna da farko ba, ba dabarar kwamfuta da za ta dawo da shi daidai. Idan sakamakon ya nuna shirin bai yi tasiri ba, rubuta haka. An yi irin shirin Pampaida a arewacin Gana, masu tantancewa na waje suka bi shi tun daga farko, suka ba da rahoto a 2018 cewa bai rage talauci yadda aka sa rai ba, kuma wannan rahoto ya amfani masu tsara manufofi.

Da ka kare kundinka a gaban malamai, taƙaita shi a shafi biyu da Hausa, ka kai wa dagaci da sashen noma na ƙaramar hukuma da ƙungiyar da ta ba ka lokacinta.

Game da aiki, kasuwar ta canza. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta ba da taimako, USAID, Birtaniya kuma ta sanar da rage taimakon da take bayarwa daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasarta nan da 2027. Guraben ƙungiyoyin agaji sun ragu, kuma wanda ya shiga fannin don farar mota da albashin dala zai sha jira. Inda ake ci gaba da neman mutane shi ne inda ake buƙatar mai iya tsara bincike da tace bayanai: Hukumar Ƙididdiga ta Jihar Kaduna, hukumar tsare-tsare da kasafin kuɗi, cibiyoyin binciken noma na Samaru, kamfanonin da ke sayen amfanin gona daga ƙananan manoma, bankunan ƙananan basussuka, da jami'o'i. Mai niyyar digirin digirgir kuma ya adana bayanan da ya tattara da lambobin gidajen a wuri mai tsaro, da izinin masu su, domin komawa ga gidajen nan bayan shekara uku ko huɗu shi ne zai nuna masa wa ya fita daga talauci, wa ya faɗa, da abin da ya jawo.